Wuƙar Aiki Daga Hannun Maƙeri: Yadda Za Ka Zaɓe Ta, Ka Gwada Ta, Ka Riƙe Ta

Manomi a gona, makiyayi a bayan shanu, mai rake a bakin titi, direban babbar mota da kullum yake fama da igiyar ɗaurin kaya, magidancin da ke gyara kaza a tsakar gida, duk ba sa rabuwa da buƙatar wuƙa. Amma da yawansu abin da ke hannunsu wata 'yar ƙyale-ƙyale ce ta kanti, wadda ke aski ranar da aka saye ta, bayan mako guda ko albasa sai an danne ta. Wuƙar da nake magana a kanta ita ce wadda ba a naɗewa, mai ruwa ɗaya miƙaƙƙe, wadda maƙeri ya buga da hannunsa, baduku ya ɗinka mata kube. Idan aka dace da ta ƙwarai, tana iya kai ka shekara ashirin, har ɗanka ya gāje ta. Dacewar kuwa ba sa'a ba ce. Abubuwa uku ne ke kawo ta: wuƙar ta zama ƙarama, ƙarfenta ya ci wuta daidai, kubenta kuma ya riƙe ta gam.

Ka fara sanin aikin da za ta yi

Kafin ka taka maƙera, zauna ka lissafa abin da ka yanka a makon da ya wuce. Yawancin mutane za su ga igiya ce, da bakin buhu, da kwali, da rake, da mangwaro, da fiƙe tsinke ko turke, sai nama jifa-jifa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke neman doguwar wuƙa.

Tsawon ruwan, daga inda ƙota ta ƙare zuwa tsini, ya tsaya tsakanin santimita 8 zuwa 11. In babu abin awo, ɗora shi a tafin hannunka: ya kai faɗin tafin, ko ya ɗara kaɗan. Kaurin bayanta milimita 2.5 zuwa 3.5 ya wadatar. Wanda ya wuce haka tsaga yake yi maimakon yanka, ka sa shi a doya ya fasa ta gida biyu. Kaifi gefe ɗaya kawai. Tsinin ya ɗan sunkuyo ƙasa, kada ya zama siririn da ya miƙe kamar na mashi, domin irin wannan shi ne farkon abin da ke karyewa, kuma ba shi da wani amfani a aikin yau da kullum.

Ina jaddada maganar ƙanƙanta saboda na san idon mai saye doguwa yake so. Maƙeri zai shimfiɗa kayansa, hannunka ya tafi kai tsaye ga barho. Ka janye shi. Barho da irin wadda ake kira Ɗan Bida a Kano sun riga sun yi suna a hannun 'yan daba da masu ƙwacen waya, kuma duk wanda ya gan ka da ita ba zai tsaya tambayar sana'arka ba. Haka wuƙar damtse mai baki biyu da Buzaye ke ɗaurawa a hannu: kyakkyawa ce, aikin maƙeran Agadas abin kallo ne, amma makami ce da ado, ba ta fere dankali ba. Wuƙar yankan rago ko sa ita ma dabam ce, tana buƙatar tsawo domin yanka ya tafi a ja ɗaya. Ka mallake ta ita kaɗai, ka ajiye ta a gida don ranarta.

Inda za ka nema, da lokacin da bai kamata ka je ba

Hanya mafi gajarta ta samun maƙerin kirki ita ce ta bakin mahauci. Je ka wajen mai tsire ko mai fawa da ya daɗe a sana'ar, ka dubi wuƙar hannunsa da ta sirance saboda washi, ka ce, "Maigida, wa ya buga maka wannan?" Mutumin da ke yanka tun asuba har dare ba ya komawa wurin maƙerin da ya taɓa cutarsa. Dukawa da masu gyaran takalmi su ma sun san wanda ƙarfensa ke riƙe kaifi.

A Kano, Tamburawa da ke kan hanyar Zariya ta yi suna da ƙira. Kasuwannin mako irin na Wudil ranar Juma'a da Maigatari ranar Alhamis suna tara makiyaya da mahauta, kuma inda waɗannan suka taru ba a rasa maƙera da kayansu. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun ƙarni na 15 a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana cike da wuƙaƙe masu kuben ado, sai dai da yawa don tsaraba aka yi su, an ƙawata fata an bar ƙarfe. Can ka fi samun baduku nagari fiye da ruwan wuƙa nagari. Kusan kowane tsohon gari kuma yana da unguwar maƙera da Sarkin Maƙeransa, ba sai ka yi doguwar tafiya ba.

Kada ka ba da aiki ana saura mako biyu ko uku Babbar Sallah. A lokacin maƙera buga wuƙa suke yi ba ƙaƙƙautawa don kasuwar layya, yara ne ke rabin aikin, ba wanda ke da sukunin tsayawa a kan taka. Haka farkon damina, lokacin garma da fartanya. Je ka bayan Sallah ko tsakiyar rani, sa'ad da maƙeri zai iya zama ya saurare ka.

Ya fi ka ba da a buga maka a kan ka ɗauki wadda ke shimfiɗe. Zana siffar da kake so a kwali, ka yanke ta da almakashi, ka riƙe a hannunka ka ji ko ta zauna, sa'an nan ka kai masa. Ku yi ciniki a kan aiki mai kyau, ka ba da kafin alƙalami, ka ce ba gaggawa kake yi ba. Kada ka matse shi a tayi har ya ce albarka sau uku. Bambancin kuɗin wuƙar kasuwa da wadda aka zauna aka yi ba shi da yawa in ka raba shi da shekarun da za ta yi maka, kuma araha ba ta ado.

Maganar ƙarfe

Kakanninmu tama suke haƙowa su narka. Yau maƙeri wurin 'yan gwangwan yake samun ƙarfensa, don haka tambayar farko bayan gaisuwa ita ce, "Baba, da wane ƙarfe za a yi?"

Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri ya riƙe kaifi shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. Rodin gini da langa-langa da fallen ƙofa kabon ɗinsu kaɗan ne, yawanci bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Ko an gasa su an tsoma ba sa yin taurin kirki. Su ne wuƙaƙen da ke lanƙwashewa in sun gamu da ƙashi. Sifirin mota, wato faifan ƙarfen nan da ke ƙarƙashin a-kori-kura da manyan motoci, yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, galibi da ɗan sinadarin kuromiyom. Shi ne zaɓina ga wuƙar aiki: yana da tauri, yana kuma da juriya, ba ya saurin ɓallewa. Tsohon magagari da zoben boris, wato zoben ƙarfen da ƙafar mota ke juyawa a kansa, suna da kabon wajen kashi 1 cikin ɗari. Kaifinsu ya fi daɗewa, amma sun fi tsautsayi a wuta, in maƙeri bai ƙware ba sai su fito da gautsi.

Sifirin yana da aibi ɗaya da ya kamata ka sani. Ya yi shekaru yana lanƙwasa yana miƙewa a ƙarƙashin kaya, don haka wani yana ɗauke da tsaga siririya da ido ba ya gani sai bayan an tsoma shi. Ka roƙi maƙerin ya guji wanda ya riga ya karye a mota, ya kuma yanko daga wurin da ba kusa da ramin ƙusa ba.

In akwai injin washi a kusa, akwai gwaji mai sauƙi. A ɗora guntun ƙarfen a kan dutsen injin. Mai ƙarancin kabon tartsatsinsa dogaye ne miƙaƙƙu. Mai kabon da yawa tartsatsinsa na fashewa a ƙarshe, yana rassa. Da ka ga biyun gefe da gefe sau ɗaya, ba za ka sake rikita su ba.

Duk waɗannan ƙarafa suna tsatsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa sai yana da kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma taurara shi na buƙatar zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Celsius da tanda mai ma'auni, abin da gawayi da zuga-zugi ba za su iya daidaitawa ba. In wani ya ce maka ya buga maka marar tsatsa a maƙerarsa ta gargajiya, to mai yiwuwa yanko ta kawai ya yi ya wasa.

Wuta: nan wuƙa ke gyaruwa ko ta lalace

Ƙarfe mai kyau a hannun wanda bai iya wuta ba bai fi rodi ba. In da hali, ka nemi izini ka zauna ranar da za a taurara taka. Maƙeran da suka yarda da aikinsu ba sa ƙin haka.

Ga abin da za ka gani. Bayan an gama bugu an daidaita siffa da magagari, zai mayar da ruwan cikin gawayi, wanda maƙera suka fi so ya zama na ƙirya saboda ƙarfin wutarsa. Yaro na zuga a hankali, shi kuma yana juya ƙarfen da awartaki don zafi ya game ko'ina. Abin da ake nema shi ne ja mai haske bai ɗaya tun daga tsini har gindi, wajen digiri 800 zuwa 830. Tsofaffin maƙera da ido suke ganewa, shi ya sa suke son inuwar rumfa ko bayan la'asar, domin a tsakar rana ja ba ya nuna gaskiyarsa. Akwai kuma dabarar mayen ƙarfe: a wajen digiri 770 ƙarfe na daina kama shi, to da ya daina, a ƙara ɗan zafi kaɗan a cire. In aka bari ya koma ruwan ɗorawa har yana tartsatsi, an ƙona shi, ƙwayoyin cikinsa sun yi girma, kuma wannan wuƙar ɓantarewa za ta riƙa yi.

Daga wuta sai tsomawa nan take. Ga sifirin da boris, mai ya fi ruwa. Ruwa na sanyaya su da gaggawar da ta wuce kima, sai ka ji wani ɗan sauti "ƙyas", ƙarfe ya tsage. Akwai maƙeran da suka saba da ruwa, suna tsoma bakin kawai su ɗaga, kuma wasunsu suna dacewa, amma kasadar ta fi yawa. A tsoma a miƙe, kada a kaɗa ta gefe da gefe, in ba haka ba ta fito a karkace.

Mataki na uku shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa, alhali shi ne rabin aikin. Ƙarfen da ya fito daga mai ya yi tauri har ya wuce, in ya faɗi a siminti yana iya karyewa. Dole a sake ɗumama shi kaɗan don a rage masa gautsi. Maƙeri zai goge gefe ɗaya ya yi fari, ya ɗora bayan wuƙar a kan garwashi ko a kan wani jan ƙarfe mai zafi, bakin yana sama, ya zuba ido. Launi zai fara tasowa daga baya yana tafiya wajen kaifi: fari-fari, sai launin busasshen kara, sai ruwan ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi. Abin da ake so shi ne launin kara ya isa bakin, wato wajen digiri 200 zuwa 230, a lokacin bayan ya riga ya yi shuɗi. Nan take a tsoma a tsayar da shi. Sakamakon shi ne baki mai tauri da baya mai juriya. In shuɗi, wanda ke zuwa a wajen digiri 300, ya kai bakin, taurin ya ragu, wuƙar za ta riƙa neman dutse kullum.

In ba za ka samu zama ba, tambaya ɗaya ta isa: "Bayan an tsoma, ana sake mayar da ita wuta?" Amsar da zai ba ka za ta nuna maka irin maƙerin da kake gabansa.

Gwaji kafin ka cika kuɗi

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ba rashin kunya ba ne ka gwada abin da za ka biya, muddin ka nemi izini.

Ɗaga ta saitin idonka ka kalli bayanta daga ƙota zuwa tsini. Ta miƙe, kada ta karkata ko ta murɗe. Juyo ta ka kalli bakin: kaifin ya zauna a tsakiya, gangaren ɓangarorin biyu ya yi daidai. Fita da ita rana ka bi jikinta da ido kana neman layi siriri baƙi, musamman kusa da baki da wurin da ruwa ya haɗu da ƙota. Alamun guduma da baƙin wuta a jiki ba aibi ba ne. Tsaga kuwa, komai ƙanƙantarta, ka bar wuƙar.

Karɓi magagarinsa ka goga a bakin a hankali. In an taurara shi daidai, magagarin zai zame yana ƙara, da ƙyar ya kama. In ya ci ƙarfen ya fitar da gari cikin sauƙi, bakin da taushi. Daga nan nemi busasshen icce mai tauri, marke ko ƙirya, ka fiƙe shi da ƙarfi sau goma sha, ka ɗan daddatsa shi. Sai ka bi bakin da farcen babban yatsa daga baya zuwa gaba, a hankali. In ya nannaɗe gefe guda, taushi ne. In ya yi ƙananan giɓi, gautsi ne. Wanda ya fito lafiya, ya kuma yanka takarda ko igiyar kaba bayan haka ba tare da ja-in-ja ba, shi kake nema.

Ƙota kuma abu biyu za ka duba. Na farko, har ina ƙarfen ya shiga cikinta. Mafi ƙarfi shi ne ƙarfen ya tafi har ƙarshe da faɗinsa, an manna icce gefe biyu an ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku na tagulla. Wadda aka soka siririyar jelar ƙarfe a cikin icce ita ma tana aiki, in jelar ta kai aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙotar, an kuma sa zobe a wuyanta don kada iccen ya tsage. Wadda jelarta ba ta kai haka ba, wata rana ruwan zai fita ya bar ka da icce a hannu. Na biyu, ta cika hannunka, santimita 10 zuwa 11, kuma a sami ɗan tudu ko lotsawa a gaba da zai hana yatsa zamewa kan kaifi. Jiƙa hannunka ka riƙe ka ji. Marke, ƙirya, kanya da maɗobiya duk suna yi, in dai iccen ya bushe sarai. Ƙaho yana da kyau amma yana santsi da maiƙo.

Kube

Wuƙar da ba a naɗewa ba ta da wata kariya sai kubenta, don haka kada ka ɗauke shi a matsayin gyara da ake ba mai saye. Kai wa baduku wuƙar kanta ya ɗinka a jikinta.

Ka ce da fatar saniya mai kauri za a yi, wajen milimita 3. Jar fatar akuya ta Sakkwato ta yi suna a duniya don laushi da kyau, amma ita kaɗai ba ta tare tsini, sai dai a rufa ta a sama don ado. Ka buɗe ido ka leƙa cikin kuben kasuwa: da yawa kwali ne a ciki aka lulluɓe da fata, gumi na taɓa shi ya ruɓe. Ka kuma nemi ya sa wani siririn yanki na fata tsakanin ɓangarorin biyu, a layin ɗinki, domin kaifi ya riƙa sauka a kansa maimakon ya ci zaren. Kuben da ba shi da wannan, a hankali wuƙa ke yanke ɗinkinsa har ta leƙo, galibi a cinyar mai ita.

Zurfinsa ya haɗiye ruwan duka da rabin ƙota ko fiye. Sa wuƙar a ciki, ka kifa shi a kan ƙasa mai laushi, ka girgiza. In ta faɗo, a matse shi ko a ƙara maɗauri. A yi masa hannu a baya da bel zai shiga.

Ɗaukarta

Nan ne nake so mai karatu ya fi natsuwa. Zamanin da namiji ke fita da wuƙa a ƙugu ba wanda ya kalle shi ya wuce a biranenmu, kuma da dalili: mutane da yawa sun rasa 'ya'yansu a sanadin ƙwacen waya. Wanda ke ɗaukar wuƙa don aiki wajibi ne ya ɗauke ta ta yadda ba za ta tsorata kowa ba.

A gona, a daji, a wurin kiwo, a shagonka, ɗaura ta a bel ta gefen hannun da kake aiki da shi, ɗan baya da ƙashin ƙugu, riga ta rufe ta. Kada ka soka ta a gaban wando, domin in ka durƙusa ko ka faɗi daga babur, tsinin cikinka da jijiyar cinyarka yake kallo. Kada ka jefa ta aljihu ba kube. A cikin gari, tsakanin gida da wurin aiki, wurinta cikin jaka ne ko akwatin kayan aiki, tare da sauran kayan sana'arka. Wuƙa a tsakanin filaya da igiya da tocila tana bayyana kanta. Wuƙa ita kaɗai a ƙugun saurayi ƙarfe goma na dare wani labari take bayarwa.

Akwai wuraren da ba ta zuwa sam: makaranta, asibiti, banki, kotu, gidan kallon ƙwallo, wurin biki, hawan Sallah, taron siyasa. A Nijeriya, dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1979 ta hana riƙe makami a taro ko jerin gwano, dokar zaɓe ta 2022 kuma ta haramta shi a cikin tazarar mita 300 daga rumfar zaɓe ranar jefa ƙuri'a. A filin jirgin sama ba ta shiga jakar hannu, sai cikin kayan da ake aunawa. Mai tafiya waje ya binciki dokar inda za shi tun kafin ya ɗaure kaya. A Ingila, alal misali, dokar 1988 ta sa fita bainar jama'a da wuƙar da ba a naɗewa laifi ne komai ƙanƙantarta, sai da ƙwaƙƙwaran dalili kamar na sana'a, kuma hukuncin na iya kai wa ɗaurin shekara 4.

In jami'an tsaro suka tsayar da ku a shinge za a yi bincike, kai ka fara faɗa: "Ranka ya daɗe, akwai wuƙar aikina a cikin jakar nan." Hannuwanka a fili, kada ka kai hannu ka ciro ta, bar shi ya buɗe da kansa. Katin shaidar sana'a ko na ƙungiyarku yana taimakawa.

Addini ma bai bar wannan ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe bakinsu don kada ya ji wa wani ciwo, ya kuma hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hanin miƙa takobi a zare. Saboda haka in wani ya ce ara masa, miƙa ta cikin kube, ko ka ajiye ya ɗauka. Kada ka yi nuni da ita kana magana, ko da wasa.

Ra'ayina a kan ɗaukar wuƙa don kare kai a fili yake: kada ka yi. Wanda ya zare wuƙa a rigima ya mayar da cacar baki maganar rai, kuma ko asibiti ko kurkuku ɗaya na jiransa. In ka san kana da saurin fushi, bar ta a wurin aiki kullum. A gida kuma a rataye ta inda hannun yara ba ya kaiwa.

Wajen aiki da ita, yanka yana tafiya nesa da jikinka, ɗaya hannun yana bayan kaifi. Da ka gama, mayar da ita kube kafin ka yi wani abu. In ta suɓuce, janye ƙafa ka bar ta ta faɗi. In tsautsayi ya sa ka yanke, danne wurin da ƙyalle mai tsabta, ɗaga hannun sama, in ya yi zurfi ko jini ya ƙi tsayawa ka tafi asibiti, ka kuma tambayi allurar tetanus.

Washi da tsatsa

Kada ka kai ta wurin mai injin washi na wuta. Dutsen injin na zafafa siririn bakin cikin daƙiƙa kaɗan, ka ga ya yi shuɗi, duk wahalar da maƙeri ya sha a wuta ta tafi. Dutsen washi da ruwa sun isa. Kwantar da ruwan wuƙar a kan dutsen, ka ɗaga bayansa kimanin kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa, wannan ya ba ka kusurwar da ta kai wajen digiri 20. Tura shi gaba kamar za ka yanko ɓawon dutsen, daga gindi zuwa tsini, ba tare da hannunka ya sauya tsayi ba. Ci gaba a gefe ɗaya har yatsanka ya ji ɗan ƙarfe siriri ya tanƙwaro ta ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sa'an nan ka juya ka yi haka. Ƙarasa da ja mara nauyi gefe-gefe, sai ka goga ta da baya-baya a kan tsohon bel na fata, yadda wanzamai ke yi wa aska. In kana wannan gugar fata kowane kwana biyu ko uku, dutse sai jifa-jifa. A kan hanya, zoben gindin kofin tangaran, inda ba a shafa masa ƙyalli ba, yana tayar da kaifi.

Lemo, tumatir, albasa da nama za su sa jikinta ya koma toka-toka ko baƙi-baƙi. Bar shi, wannan launin yana ɗan kare ta. Jar tsatsa ce abin gudu, ka goge ta da toka da jiƙaƙƙen ƙyalle ko samfefa mai laushi tun tana sabuwa. Bayan kowane aiki a wanke, a tsane sarai, a shafa ɗan man kaɗe. Baƙin mai da man inji ba su dace da abin da ke taɓa abinci ba. Da damina kada ta kwana da kwanaki a cikin kube, fata na riƙe laima, fitar da ita ka naɗe a ƙyalle mai ɗan maiƙo in za ka daɗe ba ka yi aiki da ita ba. Da hunturu kuma iccen ƙota ne ke bushewa ya ja jiki, sai ƙusoshi su fara motsi. Shafa masa man kaɗen shi ma, in kuwa ka ji ruwan na girgiɗi a cikin ƙota, daina aiki da ita har ka mayar wa maƙerin ya sake dasa ƙusoshin.